Akwatin Saman Sif

Ranar da injin busar da kaya ya mutu a gidan wanki da guga, Auta ta riga ta yi faɗa da kwastoma uku kafin azahar. Tana jiran na huɗu sai ga wani ya shigo da jakar kayan aiki a kafaɗa, tsawonsa har sai da ya sunkuya a bakin ƙofa.

"Ni ne mai gyaran lantarkin da Madam ta kira."

"Tun safe ta kira," in ji Auta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ki yi haƙuri. Da na san wadda ke jirana, da ko karyawa ban tsaya yi ba."

Ta ɗago da niyyar sauke masa sauran fushinta, suka haɗa ido, sai ta nemi faɗan ta rasa inda ta ajiye shi.

Cikin rabin awa injin ya tashi. Yana tsaye yana sauraron ƙararsa, hannunsa ya kai kan tulin riguna da ke bisa tebur, ya shiga ninkewa. Auta ba ta taɓa ganin ninki mai kyau haka ba, kowace kusurwa kamar an auna da rula. Sai dai hannayen rigar ya gitta su a kan ƙirji.

"Malam, wa ya koya maka? Ai baya ake mai da hannun riga."

Ya dubi rigar kamar ba shi ya ninke ba, murmushinsa ya ɗauke. "Inda na koya, haka ake yi," ya ce, ya ɗauki jakarsa.

Injin bai ƙara lalacewa ba, amma mai gyaran, da ake kira Dogo, ya zo duba lafiyarsa sau goma sha ɗaya a wata guda. Har Madam mai shagon ta ce ita dai ba ta taɓa ganin injin da ya samu dangi irin wannan ba. Daga nan aka koma waya.

"'Yar Guga, yau na gyara fanka bakwai, duk iskarsu ba ta kai sanyin gaisuwarki ba. Kin ci abinci?"

"Na ci, Dogona. Ka rage zaƙin baki, ka kula da wayar wuta. Ina son ka da ranka."

Abin da Auta ba ta lura da shi ba shi ne, duk zuwansa sai ya kau da kai daga takardar da ke manne a ƙofar shagon, wadda aka rubuta: BA A WANKE KAKI A NAN.

Shekara huɗu ke nan da gama yaƙin ƙetare, yaƙin da ba wanda ya roƙa. Tun da aka ga hotunan wani ƙauye da aka ƙone, mutane suka haɗa duk wanda ya je suka sa musu suna ɗaya, 'yan toka. Ranar da suka dawo ko mai share tasha bai ce musu sannu ba. Ba a ba su hayar ɗaki, a masallaci ma akan ɗan matsa a bar musu fili. Auta kanta ta sha faɗin sunan, yadda kowa ke faɗi.

Mai Kemis na tsallaken titi ne ya kawo mata labarin. Shekara biyu yana bin ta da kyautar maganin mura ba ta ko tari, ga shi maƙwabcinsu ne a unguwa. Ranar ya tsallako fuska cike da tausayin da bai kai zuci ba.

"Ni dai haƙƙin maƙwabtaka zan sauke. Mutumin naki ya zo sayen maganin barci, katinsa na soja ya faɗo. Ɗan toka ne."

Dutsen guga na hannunta a kan rigar mutane, ba ta farga ba sai da ƙauri ya tashi. Ta ɗauki waya ta rubuta wa Dogo: "Da gaske ne?"

Amsar ba ta jima ba.

"Da gaske ne, 'Yar Guga. Na je, na sa kakin, ba zan ce miki ban je ba. Aikina a can shi ne kayan waɗanda suka rasu. In wanke, in ninke, in sa a akwati, in ɗaure, a aika wa iyaye. Akwati ɗari uku da goma sha biyu. Kullum nakan zo da niyyar faɗa miki, sai in ga takardar ƙofarku in haɗiye. Ki yafe min tsorona. In kin ce in tafi, zan tafi."

Kwana biyar ba ta amsa ba. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta karanta saƙon har ta haddace. A na shida ta rubuta: "Injin yana wata ƙara. Ka zo ka duba."

Amma Mai Kemis ya riga ya kai wa Baban Auta labarin. Baba tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutum mai sanyin magana, Auta ba ta taɓa jin muryarsa ta wuce falo ba. Ranar kuwa har maƙwabta sai da suka ji.

"Ɗan toka ba zai taka min gida ba! Kada in ƙara jin kalmar soja a gidan nan!"

"Baba, ko ganin sa ba ka yi ba."

"Ba na bukata!"

Auta ta tsaya baki buɗe. Tun rasuwar Yaya shekara shida da suka wuce, ita kaɗai ta rage musu, ko harara Baba bai taɓa yi mata ba. Tana makarantar kwana aka je aka gaya mata cewa motar kayan da Yaya ke tuƙawa ta kife a hanya mai nisa, an binne shi a can.

Mama ce ta nemo dabara. Fankar ɗakinta ta fara tartsatsi, ranar kuma Baba zai je awon hawan jini.

"Kira shi," ta ce. "Gyaran fanka ai ba neman aure ba ne. Ni ma in ga dogon nan da ya hana min 'ya cin abinci."

Ya zo da tsaninsa, ya durƙusa ya gaishe da Mama har ƙasa. A falo ya tarar da uwar Mai Kemis, wadda ta ce aron rariya ta shigo, matar da magana ba ta taɓa kwana a cikinta ba. Aka nuna masa ɗaki ya shiga.

Minti biyu ba a yi ba suka ji shiru. Sai ga shi ya fito babu sukudireba a hannu. Ya cire hularsa, ya haɗe ƙafafu, ya miƙe ƙyam a gaban Mama.

"Mama, ban san gidan soja na shigo ba. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri."

Ka'idarsu ce su da suka dawo: ba ka ganin irin wannan akwati ka wuce, sai ka tsaya ka yi wa masu shi ta'aziyya. Bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai gidan da ke da akwatin amma bai san da shi ba.

Auta ta yi 'yar dariya. "Wane soja? Yayana direba ne."

"Koren akwatin da ke saman sif, ƙarƙashin tsohon bargo," ya ce a hankali, yana duban fuskokinsu. "Ƙullina ne a jiki. Ni na ɗaure shi."

Kofin da ke hannun Mama ya faɗi ya tarwatse. Auta ta juya gare ta tana jiran ta ce ƙarya ne, amma Mama ta rufe fuska da mayafi. A bakin ƙofa kuwa Baba ne tsaye da katin asibiti, likita bai zo ba ya dawo da wuri.

"Fita," Baba ya ce wa Dogo.

Uwar Mai Kemis ta riga Dogo kai wa ƙofa, ta bar rariyar a kan kujera.

Kafin la'asar unguwa ta ɗauka. Mutanen da suka zauna makokin direba kwana uku suka fara cewa dama su sun ga alama. Washegari aka wayi gari an rubuta TOKA da gawayi a bangon gidan.

"Shekara shida, Baba," Auta ta ce tana kuka. "Shekara shida ina tsoron manyan motoci a titi. Ashe Yaya yana saman sif, ina share ƙarƙashinsa kullum."

Mama ce ta faɗa mata: Yaya ya gaji da zaman banza ya shiga soja a ɓoye, akwatin kuma ya iso a makon da aka fitar da hotunan ƙauyen. Baba ya ce gara a yi wa ɗansa addu'a a matsayin direba da a tsine masa a matsayin soja.

Saƙon Dogo ya shigo: "Na zo gyara na yi ɓarna. Wallahi ban sani ba. Ki ba Mama haƙuri, ki riƙe Baba da kyau, ya fi kowa ciwo. Ina son ki, ko an ba ni ko an hana ni."

Kwana uku Baba bai fita ko ƙofar gida ba. A na huɗu, da hantsi, Auta ta same shi zaune a ƙasa da akwatin a gabansa, farcensa har ya karye.

"Kira shi. Ba zancen aure ba ne. Igiyar ce ta ƙi kwantuwa, ni kuma ba zan sa mata wuƙa ba."

Dogo ya zo ya durƙusa. Kafin ya taɓa igiyar Baba ya riƙe masa hannu.

"Tsakaninka da Allah. Ɗana yana cikin waɗanda suka ƙone ƙauyen nan?"

"Ban sani ba, Baba. Ban san shi da rai ba, ba zan yi maka ƙarya don ka ba ni 'yarka ba. Abin da na sani yana cikin nan."

Ya ja bakin igiyar sau ɗaya, ƙullin ya saki.

Riguna biyu ne a sama, hannayensu a gitte kan ƙirji. Auta ta tuna teburin gidan wanki, sai yau ta gane inda ya koyi ninkinsa. Ƙarƙashinsu akwai rigar sanyi ruwan ƙasa da Mama ta saƙa da hannunta. Mama ta rungume ta, yatsunta suka tsaya a gefen haƙarƙari.

"Nan ba saƙata ba ce."

"Ni ne, Mama," ya ce kansa a ƙasa. "Ba na aika wa uwa riga da huda."

Akwai kuma 'yar takarda. A kowane akwati Dogo yakan tambayi abokan mamacin abin da suka sani game da shi, ya rubuta. Auta ce ta karanta: "Yana raba shayinsa biyu. Ba ya iya waƙa amma ba ya fasawa. Ya ce babansa ya koya masa rubuta adireshi da kyau, shi ke rubuta wa kowa wasiƙa. Ya ce yana da ƙanwa mai ƙona kaya da dutsen guga."

Baba ya fashe da kuka irin na wanda ya shekara shida yana riƙewa. Da ya samu numfashi ya dubi Dogo.

"Ni na haife shi, na ɓoye shi ƙarƙashin bargo. Kai ba ka san shi ba, ka ɗinke masa riga. Tashi daga durƙuson nan, ɗana. Ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure kujeru sun fi mutane yawa. Madam ta zo da turamen zannuwa, amma takardar ƙofarta tana nan ba ta cire ba. Uwar Mai Kemis ma ta zo, don ta ga wa da wa suka zo. Can baya abokan ango shida suka zauna a takure, sun saba da zaman gefe.

Bayan an shafa fatiha Baba ya miƙe.

"Jama'a, na yi muku ƙarya shekara shida. Ɗana ba direba ba ne, soja ne, a yaƙin nan ya rasu. Yaƙin ban so shi ba jiya, ban so shi ba yau. Amma ɗana nawa ne, wannan ma yanzu nawa ne."

Mutum biyu suka tashi suka saka takalmansu suka fice. Baba ya bi su da ido har suka ɓace, sannan ya yafito na bayan.

"Ku matso gaba, ga kujeru nan. Allah ya yi wa auren nan albarka, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya jiƙan waɗanda ba su dawo ba."

Amin ɗin ba ta da yawa, amma ta fito da ƙarfi.

Da safe a sabon ɗakinsu, Auta ta ga angonta tsaye gaban gado, farar rigar ɗaurin aurensa a shimfiɗe, ya riga ya ɗauko hannun rigar ɗaya zai ɗora a ƙirji. Ta zo ta bayansa ta dafa yatsunsa.

"A'a, Dogona. Mai wannan rigar yana da rai."

Ta kifa rigar, ta kama hannunsa suka mai da hannayen baya tare. Ninkin ya fito a karkace. Ya daɗe yana kallon sa, sannan ya buɗe sif ya ajiye shi a haka.