Ruwan Lagireton Lhagva

Da hantsi wani makiyayi ya bugo waya ofishin 'yan sanda, ya ce ga mota tsaye a kan tudun hanyar garin Uliastai, da mutum a ciki, amma ba ya motsi.

Sufeto Nyamdorj ya gane motar tun daga nesa. Ta Lhagva ce, ɗan tsoho Dashzeveg mai tumaki. Yana zaune a gaban sitiyari, ya ƙudundune cikin bargo, gashin idonsa fari fat da ƙanƙara. Ya ƙona taya, ya ƙona kujerar baya don ya ji ɗumi, duk a banza. Sanyin lardin Zavkhan ba ya jin magiya.

Sufeto ya ɗaga bonet. Tiyo ya fashe, lagireto ya kumbura. Ya ɓallo ƙanƙarar da ke ciki ya ɗaga ta a rana. Fara ce garau.

"Ruwa zalla, a tsakiyar hunturu," ya ce a ransa. "Wane mara imani ne wannan?"

Kafin ya dawo gari, jama'a sun gama shari'a. Sun farfasa tagogin garejin Jamsran bakanike, suna cewa ruwan banza ya sayar wa yaron. Da ƙyar 'yan sanda suka ƙwace shi suka sa a bayan kanta, goshinsa na jini. In ba a samu mai laifi ba, shi zai tafi kurkuku, in ma mutanen gari sun bar shi da rai.

"Kai ka zuba masa ruwan hana daskarewa?" in ji Sufeto.

"Da hannuna, Yallaɓai. Wani koren ruwa ya ɗauko, irin na mutanen birni. Na ce kai, ajiye wannan, a nan dutse zai zama. Na zaɓa masa ja, mai jure sanyin digiri hamsin ƙasa da sifili."

"Farar ƙanƙara na tarar."

"To wani ya tsiyaye shi! Ko sirka shi na yi, ai da ka ga ja-ja a ciki."

Maganar ta zauna wa Sufeto. Ya ɗauki hularsa ya nufi gidan mamacin.

Da ya iso kusa da ger ɗinsu, wato zagayayyen tantin da makiyaya ke zama a ciki, ya ɗaga murya kamar kowane baƙo: "Ku riƙe kare!" Shiru. Ko haushi ɗaya bai ji ba.

Matar Lhagva, Delgermaa, ta miƙo masa shayi mai gishiri. Tsohon yana zaune bayan murhu, ya cusa hannuwansa cikin hannun riga.

"Ina mijinki zai je?"

"Hamadar Gobi, aikin haƙar kwal. Ya ce da ya samu ɗaki zai dawo ya ɗauke ni. Jiya da safe na yayyafa madara da ludayi a bayan motarsa, don hanya ta yi masa kyau."

"Baba, ka yarda da tafiyar?"

"Me zai hana? Yaro ya girma."

"Ka taɓa motar?"

"Ni da mota? Doki na sani."

Ƙarya ke nan ta farko. Duk garin nan an san Dashzeveg ya tuƙa babbar motar ulu tun yana saurayi.

"Ina karenku?"

"Tsufa ya kashe shi ɗazu."

Delgermaa ta ɗago kai. "Tsufa kuma, Baba? Karen da bai wuce shekara uku ba?"

Sufeto ya ajiye kofin ya fita. Ya bi sawun kare har bayan garken tumaki. A can, ƙarƙashin tarin busasshen kashin shanu, ga wata tsohuwar tasa, an tone gefenta da farce. Jan ruwa ne a ciki. Ya girgiza ta, ruwan ya motsa. Kwana biyu a wannan sanyi bai daskare ba. Jamsran dai gaskiyarsa ya faɗa. Kuma ruwan nan zaƙi gare shi, kare in ya samu sai ya lashe, daga nan sai mutuwa.

Ya shigo da tasar ya dire ta a gaban tsohon.

"Baba, fito da hannunka."

Tsohon ya daɗe kafin ya fito da shi. Fatar yatsunsa ta saɓule, kamar yadda take yi wa wanda ya kama ƙarfe cikin sanyi ba safar hannu.

"Shi kaɗai ya rage mini," ya ce. "'Yan'uwansa duk birni ya cinye su. Da dare na tsiyaye jan ruwan, na zuba ruwa zalla. Na ce zai daskare kafin gari ya waye, inji ya fashe a nan ƙofar gida. Mota ta mutu, ɗana ya zauna. Mota kawai na nufa, Yallaɓai, mota!"

"Amma ta tashi."

"Bugu ɗaya. Har yanzu ban san yadda aka yi ba."

"Kana tsaye yana tafiya, ba ka ce masa komai ba?"

"Na buɗe baki, kunya ta rufe shi. Na ce zai ga inji ya yi zafi ya juyo."

Sai kofi ya faɗi daga hannun Delgermaa.

"Ni ce," ta ce a hankali. "Na lulluɓe injin da bargo, na sa kaskon garwashi a ƙarƙashi, ina ƙara wuta har asuba. Don kada ya sha wahalar tayarwa."

Wayyo. Sufeto ya ga gawa iri-iri a aikin nan, amma bai taɓa jin tausayi ya kama shi haka ba. Ɗaya ya so ya tsare Lhagva a gida, ɗaya ta so ta sauƙaƙa masa, su biyun suka kai shi kan tudu.

Ya kira ofis ya ce a saki Jamsran. Bai fito da ankwa ba, hannu kawai ya ba tsohon ya tashe shi.

A bakin ƙofa Dashzeveg ya tsaya. "'Yata, tumakin nan..."

Ba ta dube shi ba.

Motar 'yan sanda ta ɗauki hanya. Sufeto ya leƙa madubi. Ludayin madara na rataye a jikin ƙofa, ba wanda ya taɓa shi.