Jan Biron Dakta Ridwanu

Allah Ya taimaka ranar Juma'a ce, leburori duk suna masallaci lokacin da benen da ake ginawa a Abule Egba ya rufta. Sufeto Ɗan'azumi ya zagaya ɓaraguzan sau biyu, ko kaza bai tarar a ƙarƙashi ba, sannan ya sauke numfashi.

Amma zanen ginin na ɗauke da hatimin Dakta Ridwanu, mai ofishin zanen gine-gine a Agege, wanda kuma yake koyarwa a jami'a. In laifin ya tabbata, lasisinsa da aikin koyarwar sun tafi, ga kurkuku.

A caji ofis Dakta ya rantse hawa biyu ya zana. Mai ginin, Alhaji Mato, ya rantse uku aka miƙa masa. Mataimakin Dakta kuma, Murtala, ya ce shi ɗan aike ne kawai.

Sufeto ya shafa takardun. Shafin hawa na uku ya fi sauran fari. Ya tura shi gaban Dakta.

Ka san malami da hali. Mutumin da ake shirin kullewa sai ga shi ya zaro jan biro, ya kewaye wani wuri yana tsaki.

"Oga Sufeto, ginshiƙin nan a kan me yake zaune? A kan taga! Na taɓa kewaye wannan shirmen."

"A ina?"

"A takardar jarrabawa."

Suka hau okada zuwa jami'a. Ashe Dakta ba ya zubar da zanen ɗalibi. Cikin ƙullin 1996 suka same shi, ginshiƙi a kan taga, jan biro ya kewaye shi, ga sunan Murtala a ƙasa. Ya faɗi jarrabawar, Dakta ya ji tausayinsa ya ɗauke shi aiki, har ya ba shi makullin durowar hatimi.

Sufeto ya jera takardun biyu gaban Murtala.

"Ɗan aike, wa ya aike ka da wannan?"

Murtala ya dubi takardun, ya ce:

"Alhaji ya nemi ƙarin hawa, Malam ya ƙi. So nake sau ɗaya in ga abin da na zana ya tsaya."

Wani kofur ya tasa ƙeyarsa, aka haɗa da Alhaji Mato.

Wallahi Sufeto ya ji daɗi har ransa da ya mayar wa Dakta hatiminsa. Dakta ya sa shi a aljihu, ya roƙi a ba shi aron shafin hawa na ukun nan in an gama shari'a. Yana da 'yan aji ɗaya duk ranar Litinin, yana so su gani.