Gorar Kaka da Garin Ɗorawa

A zamanin da Faransa ke riƙe da Togo, akwai wata yarinya a zangon Sokodé. Tana aji biyu a lakwal, wato makarantar boko, kuma duk abin da malaminsu Mushe Issifou ya faɗa, a wurinta dai ya zauna.

Uwarta na da tsohon ciki. Ba ta iya cin komai, kullum sai ta ce garin ɗorawar garinsu Dapaong take marmari. Da aka yi hutu, sai aka tura yarinyar can wurin Kaka ta karɓo.

Kaka ta ɓare ɗorawa ta daka. Ta tankaɗe, ta shanya a tabarma har kwana uku. Garin ya fito rawaya sosai, ga ƙamshi. Ranar tafiya ta miƙo wata tsohuwar gora, baƙa ƙirin saboda hayaƙi.

"Zuba a nan, ki toshe bakin sosai," in ji Kaka.

Yarinya ta dubi gorar ta yamutsa fuska. Ai Mushe ya ce ba a sa abinci cikin abin da ba a wanke ba. Ta zagaya bayan ɗaki, ta wanke gorar ciki da waje, ta zuba garin nan take, ta toshe. Har tana jin ta fi Kaka wayo.

Kwana uku ta yi a babbar mota kafin ta iso Sokodé. Uwarta ta buɗe gorar da murna, sai warin tsami ya bugi hancinta. Garin ya dunƙule, fumfuna ta rufe shi.

"Mma, ko mota ce ta ɓata shi?"

"Mota ba ta jiƙa gari. Wa ya sa wa gorar nan ruwa?"

"Ni ce. Na wanke ne don ta yi tsabta."

Uwarta ta ajiye gorar a hankali, ta koma ta kwanta ba ta ci komai ba. Yarinya ta ji kamar ta nutse don kunya. Kanta kuma ya ɗaure. Wanki laifi ne? To wa ya yi kuskure, Mushe ko Kaka?

Washegari ta tambayi Mushe Issifou.

"Babu wanda ya yi kuskure a cikinmu," ya ce. "Kakarki ta wanke gorar tun tuni, ta rataye ta bisa murhu ta bushe. Hayaƙin ma yana korar ƙwari. Da kin tambaye ta, da ta faɗa miki."

Yarinya ta je wurin maƙwabciyarsu Memounatou ta roƙi ɗorawa. Ta daka, ta tankaɗe, ta shanya, tana tsaron hadari da kaji. Gorar ma ta sake wankewa, ta kife ta a rana kwana uku.

Sannan ta dama wa uwarta cikin ƙwarya. Uwar ta kurɓa.

"Bai kai na Dapaong ba, ko Mma?"

"Bai kai ba," in ji uwarta, tana dariya. Ta shanye tas, ta miƙo ƙwaryar. "Ƙaro mini."

Tun daga ranar yarinya ta gane cewa gari da danshi ba sa zama wuri ɗaya, kuma idan abu ya ɗaure maka kai, ka tambayi manya kafin ka sa hannu.