Mai Baƙar Hular Kwano

"Wane ne wannan?"

Mama ta ajiye wayar a kan teburin gilashi, ta tura ta da yatsa ɗaya har gaban Auta.

Bidiyo ne. Ga Auta a kan tudu kusa da jan babur ɗinta, ga wani dogon namiji cikin baƙar hular kwano, gilashin a rufe ruf. Ta sa yatsu biyu a ƙarƙashin haɓarsa, ta ɗan ja, sannan ta ƙwanƙwasa hular tana dariya.

"Da ke nake! Saura wata biyu a ɗaura miki aure da ɗana. Wane ne wannan da kike shafa wa haɓa a bayan gari?"

Auta ba ta kalli wayar ba. Likita ta kalla.

Yana zaune a kan kafet kusa da ƙafar mahaifiyarsa. Likitan haƙori ne guda, mai cire wa ƙarti haƙori ko ƙifta ido ba ya yi, amma yau ya ƙura wa zanen kafet ido kamar an ce ya haddace shi.

Shi ne fa mai baƙar hular!

"Wallahi Mama ni ban so na ɗauka ba," in ji Gimbiya, 'yar ƙanwar Mama, wadda ta daɗe tana auna labulen gidan Likita da ido. "Wucewa kawai muka zo yi a mota... hannuna har rawa yake."

Rawar hannun dai ba ta hana hoton fita tas ba, ba ta kuma hana shi zagaye wayoyin dangi kafin azahar ba.

"Igiyar hula nake dubawa, Mama," Auta ta ce a hankali. "Duk wanda zai bi bayana sai na duba masa."

"Ban tambaye ki abin da kike dubawa ba. Sunansa na tambaya."

"Yana da baki, Mama. In yana da zuciya zai faɗa da kansa."

Auta ta ba shi lokaci, ta ba shi har ya yi yawa. Ta ga ya buɗe baki... sai ya gyara zaman agogonsa.



Ta miƙe, ta rusuna wa Mama, ta ɗauki hularta a bakin ƙofa ta fita. Ba ta yi kuka ba sai da ta rufe gilashin hular.

*

Dalilin shirun nasa ta san shi sarai, shi ya sa ma abin ya fi ciwo. Shekara tara ke nan da yayan Likita ya rasu a kan babur. Ranar Mama ta riƙe hannun ɗan da ya rage mata, ta sa ya yi mata alkawarin ba shi ba hawa babur har abada. Ya riƙe alkawarin shekara shida. A ta bakwai ya sayo wani baƙin babur mai gudu, ya kawo garejin mahaifin Auta ya ɓoye a ƙarƙashin tamfol.

A nan ya same ta tana ɗaure cen ɗin babur, hannu duk baƙin mai.

Ita ke jan ayarin masu babur duk Asabar a tsohuwar hanyar tudu, wadda manyan motoci suka daina bi tun da aka yi sabon titi. Hanyar tana da kwana ashirin da uku daga gada zuwa sama, kuma ta san kowacce kamar ɗakin mahaifiyarta. Ta san inda yashi ke taruwa bayan ruwa, ta san inda awaki ke kwanciya a tsakiyar kwalta ba ruwansu da kowa. Likita kuwa kullum shi ne na ƙarshe, yana lallaɓa babur kamar ya ɗauko tiren ƙwai. Ita ta sa masa suna Wutsiya, daga tsokana kuma abu ya zama so.

Washegari da hantsi ya zo garejin.

Tana tsugune tana duba iskar taya. Ba ta ɗago ba.

"Rabin raina..."

"Rabin ya tafi jiya. Me kake so?"

"Ki saurare ni, don Allah. Hawan jini gare ta. In ta ji ni ne, ban san abin da zai faru ba."

"Da ta ji ni 'yar iska ce fa, jinin ya sauka?"

"Ba wanda ya ce haka!"

"Buɗe wayarka ka karanta abin da gwaggonninka ke rubutawa."

Ya share zufa. Ya matso ya rage murya.

"Ga wata dabara. Mu ce ɗan yayan babanki ne. Ke kuma ki ce mata kin daina hawa, ko na wata shida ne. In ƙura ta lafa..."

Sai a lokacin ta ɗago. Ta daɗe tana kallonsa, wannan fuskar da take gani ko ta rufe ido.

"Wato in yi ƙarya in rufe taka ƙaryar, sannan in ba da babur ɗina tukuici?"

"Ba haka nake nufi ba, masoyiya."

"Da na so, jiya kalma ɗaya zan faɗa in wanke kaina. Ka san abin da ya hana ni?"

Ya girgiza kai.

"Ina son in ga ko akwai mutum a cikin hular nan. Ni ba zan cire maka ita ba, Wutsiya. Da hannunka ka sa."

Daga can ciki aka yi gyaran murya. Baba, mahaifinta, ya fito yana goge hannu da tsumma, gilashinsa a kan karan hanci. Mutum ne da ba ya ɗaga murya ko injin ya ƙi tashi.

"Likita, shekara uku ina ɓoye maka babur, ban taɓa jin nauyinsa ba. Amma ban ɗauki alkawarin ɓoye ka a bayan 'yata ba." Ya zaro makulli daga ƙusa ya miƙa masa. "Ɗauki kayanka. In ka samo bakinka, ka dawo mu yi magana."

Likita ya karɓi makullin da hannu biyu. Ya kalli Auta, ita kuwa ta koma kan tayarta.

Sai da ƙarar motarsa ta ɓace Baba ya ce, "Wannan tayar sau uku ke nan kina auna ta."

"Na sani, Baba."

"Kina son sa har yanzu?"

"Kamar in mutu," ta ce, hawaye na ɗiga a kan tayar. "Amma ba zan roƙe shi ba."

*

Asabar ta zo, ba kira, ba saƙo.

Yayarta ta tare ta a bakin ƙofa. "Auta, don girman Allah ki zauna yau. Ana cikin wannan surutun za ki sake fita? Me mutane za su ce?"

"Sun riga sun faɗa, Yaya. In na zauna sun yi gaskiya ke nan."

A bakin gada ta tarar da mutanenta: Tela mai shuɗin babur, Nas da ta sauko daga aiki, malamin lissafi da sauran. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana sa yatsu biyu a ƙarƙashin igiyar hula. In yatsa uku suka shiga, sai an sake ɗaurewa. Da ta zo ƙarshen layi, inda baƙin babur ya saba tsayawa, ba kowa.

Ta murɗa totur.

Hanyar ta karɓe ta kamar kullum. Kwana takwas ɗin farko masu sauƙi ne, suna bin gefen rafi a ƙarƙashin inuwar bishiyoyi, iska mai sanyi na shiga ta wuyan riga. Daga ta tara hanya ta fara hawa, dutse a dama, kwari a hagu, gonaki can ƙasa sun zama ƙanana. Ta kwantar da babur, ta ɗago shi, ta sake kwantarwa ta ɗaya gefen. A ta goma sha bakwai ta rage giya tun daga nesa, don ita ce suke kira Kwanar Suruka: da fara'a take tarbarka, sai ka shiga tsakiya ta matse.

Yau sunan bai ba ta dariya ba.

A sama suka tsaya inda ake hango tafki. Ta cire hula ta zauna a kan dutse, ta ba hanya baya don kada idonta ya ci amanarta.

Sun fi rabin awa a wurin sai Tela ya ce, "Kai! Ku ji wani ikon Allah."

Ƙarar babur ce ke hawowa a hankali, a hankali ƙwarai. Duk duniya mutum ɗaya ne ke tuƙa injin mai ƙarfin wannan kamar keken ɗinki.

Auta ta ƙi juyawa.

"Da mota a bayansa fa," in ji Nas.

Ta juya.

Baƙin babur ne, gilashin hular a ɗage, fuskar Likita a fili. A bayansa wata farar mota na biye. Tana tsayawa Gimbiya ta faɗo daga mazaunin direba, ta ruga bayan dutse tana amai. Kwana ashirin da uku ba wasa ba ce ga mai kallon babur daga tagar mota.

Mama ta fito tana dafa ƙofa.

Likita ya sauka, ya cire hular, ya riƙe ta a ƙirji. Ya ɗaga murya har kowa ya ji.

"Ni ne a bidiyon. Ni ne mai baƙar hular. Na faɗa wa Mama jiya da la'asar, na rubuta wa dangi da safen nan, na kuma biya ta wurin Baba kafin mu taho."

"Kwana huɗu," Auta ta ce.

"Kwana huɗu. Na ji tsoro, Auta. Ba ni da wani uzuri."

"Kwana huɗu ana tauna sunana kana kallo!"

"Na sani."

"Ba ka sani ba! Ba kai aka kira..."

Mama ta tako har gabanta. Ta dubi kwarin, ta dubi tafkin da rana ke wasa a kansa, ta dubi hanyar da ta nannaɗe tudun.

"Na ce ya kawo ni in ga abin da ya fi alkawarina daɗi," ta ce. "To, na gani. Ba laifi, wurin yana da kyau."

Ta juyo ta dubi Auta.

"Ke kuma, kina tsammanin ban gane shi ba? Ni na haife shi. Ko a buhu aka sa shi na san tsayuwarsa."

Auta ta zaro ido. "Kin sani, Mama? Kika bari..."

"Na sani. So na yi ki faɗi sunansa, in ce ke kika lalata min ɗa, in huta. Ya fi min sauƙi in tsane ki da in yarda ɗana ya yi min ƙarya shekara uku. Sai kika ƙi." Ta numfasa. "Na zalunce ki, 'yata. Ki yafe min."

Auta ta sunkuyar da kai. Fushin da ta hau tudu da shi ya rasa inda zai tsaya.

"Na yafe, Mama. Amma gara in faɗa miki tun yanzu, ba zan daina hawa ba. Ko da aure ko babu."

"Wa ya tambaye ki?" Mama ta karɓi hular daga hannun Likita, ta juya ta, ta kama igiyar. "Ta yayansa a gefen titi aka tsinto ta. Ko ƙwarzane babu a jikinta. Igiyar a kwance take, bai ɗaura ba."

Ta goge ido da gefen mayafi.

"Sau ashirin na kalli bidiyon nan. Dangi haɓa suke gani, ni yatsunki nake kallo."

Nas ta juya baya tana share hawaye. Tela ya shiga duba madubin da ba abin da ya same shi.

"Yana gudu?" Mama ta tambaya.

Dariya ta ƙwace wa Tela. "Wa? Wutsiya? Mama, ranar nan akuya ta wuce shi!"

"Madalla. Ku bar shi a haka." Ta mayar wa ɗanta hular, ta dubi Auta. "Maganar aure tana hannunki. In kin fasa ba zan ga laifinki ba. Ni ma da ni ce, sai na ja masa rai."

Likita ya matso taku ɗaya, idanunsa jajur.

"Rabin raina... ko kwata ne ki bar min, zan lallaɓa."

Ta harare shi. Ta so hararar ta daɗe, amma bakinta ya ci amanarta.

"Ban huce ba."

"Na yarda."

"Ba yau ba, ba gobe ba."

"Ina nan a baya, kin san ba na sauri."

Ta kau da kai don kada ya ga murmushin, ta fuskanci Mama.

"Ina son sa, Mama. Amma da babur ɗina zan shiga gidansa, ta ƙofar gaba, da rana tsaka. Ba tamfol."

Likita ya sosa ƙeya. "Ai matsalar... ƙofar gidan ƙarama ce, ba za ta ci babur ba."

Mama ta gyara mayafinta, ta nufi mota tana ƙwala wa Gimbiya kira. Sai da ta kama murfin ta waiwayo.

"Sai a fasa katangar," ta ce.