Sawun Takalmi a Ƙofar Rema

Zakara bai yi cara ta biyu ba Jatau ya rataya adakarsa, bindigarsa ta farauta, ya soke barandami a ɗamara, ya fito. A bakin zaure ya tarar da baƙon nan tsaye, yana hura tafin hannunsa saboda sanyi. Zangarma ƙauye ne da ke maƙale a wuyan dutse, gida talatin da uku kacal, inda ko a bazara sai da bargo ake kwana. Hanya ɗaya ce ke hawowa daga kwari, siririya, jaki biyu ba sa wucewa a jere.

Sunan baƙon Sallau. Kwanansa uku a garin, wai zuma ya zo saye, amma ba wanda ya ga ya ɗanɗana zumar kowa. Tambaya dai yake ta yi. Maza nawa ne a garin? Bindiga nawa? A wane wata gajimare ke rufe dutsen? A zamanin da ɓarayin daji suka cinye ƙauyukan kwari, irin wannan tambayar ba ta daɗin ji. Shi ya sa mai unguwa ya ja Jatau gefe ya ce, "Tafi da shi farauta, ka gano mana cikinsa."

Suka bi gefen rafi, raɓa na jiƙa su har cinya. Jatau ya sa shi a gaba, don ba ya son mutumin nan a bayansa. Abu na farko da ya lura da shi shi ne tafiyar. Mai sayen zuma ba ya taka dutse da gefen ƙafa, ba ya tsallake busasshen ganye ba tare da ya duba ƙasa ba.

"Baba Jatau, bayan hanyar kwari babu wata da ke shiga garinku?"

"Babu," in ji Jatau.

Akwai. Can bayan tsauni dutsen ya tsage, ya bar wani lungu da mutum ɗaya ke ratsawa a karkace. Ƙofar Rema ake kiransa, kuma mafarauta ne kawai suka san shi. Jatau ya karkata da su gabas, nesa da wurin.

Da gari ya waye suka ci karo da sawun mazo a cikin laka, namiji ne babba, kofaton ya nutse sosai, kashinsa ma da ɗumi. Jatau ya duƙa yana binsa cikin kurmin gora. Minti kaɗan hankalinsa ya bar baƙo ya koma kan nama. A daidai lokacin gajimare ya sauko ya zauna a kan dutsen, fari fat, mutum ba ya ganin bakin bindigarsa. Da ya waiwaya, babu Sallau.

Ya bar mazo ya koma neman mutum. Ya sami sawun a kan gansakuka, ya bi shi da rarrafe. Sawun bai yi dawurwura irin ta wanda ya ɓata ba. Kai tsaye ya miƙe yamma, ya zagaye ramin da baƙo zai faɗa, ya nufi Ƙofar Rema.

Jatau ya ɗana kunamar adaka. Ɗuri ɗaya ne a cikinta, kuma ya riga ya san na wane ne.

Yana matsowa ya ji dajin ya yi tsit. Biran da ke haushi kullum a wannan tsaunin sun yi gum. Iska ta ɗan yaye gajimaren, sai ga Sallau durƙushe a bakin lungun yana shafa ƙasa. Jatau ya ɗaga bindiga ya auna tsakiyar bayansa. A nan ne ya ga wani abu yana lilo a saman falalen dutsen da ke kan mutumin. Wutsiya ce. Damisa ta kwanta ta lafe, kunnuwa a manne, ƙafafun baya sun fara takurewa.

Sallau ya juyo, ya ga bakin bindiga na kallonsa. Bai gudu ba, bai roƙa ba.

Jatau ya ɗaga bakin bindigar taƙi ɗaya ya danna. Ƙarar ta daki duwatsu ta dawo. Damisar ta rikito tana gurnani, kafaɗarta a farfashe, ta kai wa Sallau yakushi ta yage masa cinya. Kafin Jatau ya zaro barandami, baƙon ya mirgina, ya fiddo wata gajeriyar wuƙa daga cikin riga, ya soka mata a ƙarƙashin haƙarƙari. Ta yi shure-shure ta miƙe matacciya.

Suka tsaya suna haki, hayaƙin albarushi na yawo a tsakaninsu.

"Wa ya nuna maka wurin nan?" in ji Jatau.

Sallau ya nuna ƙasa da wuƙar. A cikin lakar akwai sawun takalman roba, na mutum uku, sabo, bai wuce na jiya ba. A Zangarma babu mai irin wannan takalmin.

"Ɓarayin daji, su suka nuna mini. Kwana arba'in na yi a hannunsu, ina ɗaukar musu kaya da igiya a ƙugu. Da ni suka leƙo nan kafin in tsere. Jira suke gajimare ya yi kauri su shigo. Na zo in ga ko kuna da mazan da za su tare su."

"Me ya hana ka faɗa tun ranar da ka zo?"

"Baba, in mutum ya ce daga hannunsu yake, wa zai yarda bai zama nasu ba?"

Jatau ya dube shi ya dubi sawun. Maganar ta zauna, amma ai ƙarya ma takan zauna. Mai gargaɗi zai zo duba sawu, mai kai rahoto ma nan zai zo. Ya ɗaure masa cinyar da rawaninsa, ya sake ɗura adaka a hankali a gaban idonsa, sannan ya ce, "Wuce gaba."

Kafin la'asar duk mai ƙarfi a Zangarma, maza da mata, yana Ƙofar Rema ana gangaro da duwatsu. Sallau yana ɗingishi, jini na tsatsafowa ta rawanin, amma ya fi kowa turi. Suka toshe lungun har ko rema, 'yar dabbar nan ta cikin duwatsu, ba za ta ratsa ba. Washegari da aka kai wa Sallau kunu, ɗakin wayam.

Damina ta ƙare, ba wanda ya hawo. Rabin gari suka ce Allah ne ya aiko musu da bawansa. Rabi suka ce komawa ya yi ya gaya wa iyayen gidansa ƙofa ta rufe. In aka tambayi Jatau sai ya ce shi damisa ya harba. Amma har ya tsufa, duk ranar da gajimare ya sauko, ba ya zuwa gona. A bayan tsauni yake wuni, da adaka a kan gwiwa.