Hunturun da Honorine Ta Roƙa

Ranar da aka ce mini dusar ƙanƙara ta binne mijina Firmin a hanyar dutse, ƙasa ta daskare, kabari ba ya haƙuwa. Aka ajiye shi a ɗakin bayan coci har ƙanƙara ta narke, kusa da gawar Honorine, wadda ya nema kafin ni.

Da magariba na kai masa kyandir. Wata mace na zaune a ƙofar ba takalmi, duk da sanyin nan bakinta ba ya tururi kamar yadda nawa ke yi.

Ta ce, "Haba Léonie, shekara talatin yana hannunki. Bar mini hunturun nan ɗaya."

Daga ciki na ji dariyarsa, irin wadda bai taɓa yi mini ba.

Har yau kullum ina share kabarinsa, in watsa sharar kan na Honorine.