Ranar da 'Yan Tsawa Suka Zo Yelwa

"Ba ni zuwa, Arzika! Wallahi ba ni zuwa!"

Da ƙarfi na faɗa, har masunta biyu da ke ɗinkin koma a bakin ruwa suka ɗago kai suna dubanmu. Arzika ya ajiye sufana a kan injin kwalekwalen da yake gyarawa, ya goge baƙin mai a jikin wandonsa.

"Hafsatu, rage murya... Don Allah ki saurare ni."

"Mi zan saurara? Ka san abin da Inna tac ce."

"Na sani. Ke ma kin san abin da Baba yac ce."

Na sani kuwa. Alhaji, mahaifin Arzika, bai ƙi ni ba. Abu ɗaya ya kafe a kai: ba ya neman wa ɗansa aure a hannun mace alhali uban yarinya na raye. Ko uban ya fito ya ba da 'yarsa da bakinsa, ko a bar maganar gaba ɗaya kafin azumi.

Ni kuwa ko fuskar ubana ba na iya tunawa.

Sunansa Ɗangana, ɗan tsibiri ne. Ya yi lebura a wurin aikin madatsar Kainji, ruwan da daga baya ya cinye garinsu ya watsa danginsa. A can ya haɗu da wasu samari 'yan Kudu da ke kaɗa wa Turawan aikin jita a kulob. Kiɗan rok suke yi, mai ƙara kamar aradu, shi ya sa mutanenmu suka sa musu 'Yan Tsawa. Ban ma fara makaranta ba ya rataya jita ya bi su. Ya ce wa Inna da damina zai dawo.

Sun yi tashe sosai. An buga faifansu, an sa su a rediyo, har zamaninsu ya wuce, yara suka koma wa disko. Duk tsawon wannan lokaci da bandar kifi Inna ta raine ni.

Yanzu ga takardarsu manne a bangon tasha da ƙofar kasuwa: ranar Asabar za su yi wasa a gidan silima.

"Masoyiyata," Arzika ya sassauta murya, "Allah ne ya kawo muna shi har gida. In sunka wuce, ina za mu gane shi? Legas? Anaca?"

"In na tahi na rasa uwa. In ban tahi ba na rasa ka. To hwaɗa min, wanne zan ɗauka?"

Idanunsa suka kaɗa suka yi ja.

A gida na sake gwadawa. Inna na tsugune gaban murhun banda tana juya tarwaɗa, hayaƙi ya rufe mata fuska.

"Inna, magana ɗaya kawai zan yi mishi..."

"Hafsatu."

"Na'am, Inna."

"Ranar da kinka yi ƙyanda, jikinki kamar garwashi, ni kaɗai na goya ki zuwa asibiti cikin ruwan sama. Shi yana ina? Yana can ana yi mishi tafi! In kin taka ƙafa wurin nan, ki nemi wata ki riƙa kira Inna."

Ko ɗago kai ba ta yi ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Abinci ya ƙi shiga. In na yi sallah sai in zauna a kan tabarma in rasa me ma zan roƙa.

Ranar Asabar bayan la'asar, Inna na bayan ɗaki tana tsame kifi daga ruwan gishiri, na ja mayafina na fita. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya zan koma.

Arzika na jirana a bakin titi da kekensa.

"Kin zo..."

"Kada ka ce komai. Mu tahi kawai."

Da sauran rana aka sa wasan, don hukuma ta ce a tashi kafin isha'i. Gidan silimar ba shi da rufi, kuma ban taɓa ganinsa cike haka ba. Abin da ya ba ni mamaki, yawancin mutanen manya ne. Tsofaffin malaman makaranta, direbobi, ma'aikatan asibiti, har da waɗanda suka biyo jirgin ruwa daga Wara da Shanga. Wani mai furfura a gabanmu ya zaro tsohon wandonsa mai faɗin ƙafa ya sa, maɓallin ya ƙi rufuwa a kan tumbinsa, ya ɗaure da igiya, ko a jikinsa.

Janareta ya ɗauka. Lasifika ta yi wata irin ƙara mai tsinka kunne. Sai ga su sun fito a hankali, wani na ɗingishi, wani da gilashi mai kauri. Shugabansu wani dogon mutum ne mai sanƙo, jama'a na ta ihun "Dogo! Dogo!"

"Wanne ne?" na tambayi Arzika.

"Na hagu. Wanda aka kawo ma kujera."

Siriri ne, baƙi, wuyansa duk jijiya. Rigar jikinsa mai ƙyalƙyali ce, amma ta yi masa yawa. Ya zauna, ya ɗora jitar a cinya, ya sunkuyar da kai.

Mai ganguna ya buga. Na ji bugun a cikin haƙarƙarina.

Da ubana ya taɓa wayoyin nan, wurin ya rikice. Jitar ta yi kuka, ta yi gurnani, ta haura sama kamar za ta tsage. Manyan mutane da nake gaisarwa a durƙushe suka hau kan benci suna tsalle. Wata nas da na sani ta cire ɗankwali tana kaɗawa, hawaye na bin fuskarta. Kowace waƙa sun haddace ta, suna amsawa tun kafin Dogo ya buɗe baki.

"Ɗangana! Ɗan gida! Namu ne!"

Namu ne...

Duk wanda ke wurin nan ya san shi. Sun san yadda yake lumshe ido, sun san inda zai tsaya ya bar ganga ta wuce. Ni kaɗai, 'yar cikinsa, aka nuna min shi da yatsa.

Abin da ya fi ci min rai, kiɗan ya yi min daɗi. Na so in ƙi shi, na kasa.

Ana kiran magariba suka yi ta ƙarshe. Ban jira Arzika ba, na kutsa cikin mutane, na bi ta gefen dandamali zuwa wani ɗan ɗaki inda suke tara kaya. Dogo ya tare ƙofa, ya yi min magana da gurguwar Hausarsa.

"Yarinya, ba shiga. Mun gaji, ka ji?"

"Ɗiyarshi ce ni."

"Ɗiyar wa?"

"Ɗangana!"

Ya dube ni da kyau. Sai ya matsa gefe.

Yana zaune a kan akwatin lasifika, taba a hannu, yana tari. Kusa da shi ya fi tsufa.

"Wace ce?"

"Hafsatu."

Tabar ta faɗi ƙasa.

"Hafsatu... ta Rakiya?"

"Kana da wata ne?"

Ya rufe fuska da tafin hannu. Na zube a gabansa, duk maganar da na shirya ta gudu, sai wadda ta zo.

"Baba, ban zo in yi maka gori ba. Ban zo neman komai naka ba. Aure zan yi. Ga shi can bakin ƙofa, Arzika sunanshi, yana sona, ina sonshi. Ubanshi ya ce sai ka ba da ni da bakinka. Gobe kawai! Ka zo ka ce ka ba da, shi ke nan, ka tahi abinka!"

"Da asuba motarmu za ta tashi. Kwantagora ake jiranmu."

"Su jira!"

"Ɗiyata..." muryarsa ta karye. "Da wace fuska zan zauna gaban mutane in ce na ba da ke? Mi na taɓa ba ki? Kowa a garin ga ya san abin da na yi. Zan iya hawa dandamali gaban dubu, amma unguwarku... ba ni iyawa. Wallahi ba ni iyawa."

"Na bar uwata na zo wurinka! Ta ce in na zo ba ni ba ita! Yanzu in ka ƙi, ina zan nufa? Ina?"

Na kama ƙafafunsa. Takalminsa ya tsage ta gefe, na ji ƙashin idon sawunsa a hannuna.

"Ka ji tausayina, Baba... Sau ɗaya a rayuwata!"

Kuka yake yi, amma kai yake girgizawa.

Arzika ya shigo ya durƙusa kusa da ni. "Baba, don girman Allah..."

"Ku yafe min. Ku tashi ku tahi."

Ban san yadda na fito ba. Arzika na riƙe da gefen mayafina kada in faɗi. Mutane na watsewa suna ta raha, wasu na rera abin da suka ji. Na rasa uwa, na rasa uba, shi ma wanda ke gefena na san kwanakinmu sun ƙare.

A gindin bangon silimar ta waje, inda masu gyaɗa ke zama, na ga wata mata tsaye ita kaɗai. Zanen aikinta ne a jikinta, ko canzawa ba ta yi ba.

"Inna!"

Ta dubi fuskata, ta dubi Arzika.

"Ya ƙi ko?"

Na durƙusa a ƙasa ina jiran abin da zai biyo baya.

"Tashi. Yana ina?"

Ta wuce gaba muna binta. Dogo na ganinta ya cire hularsa, ashe ya santa. Ta tsaya a bakin ɗakin, ba ta shiga ba.

"Ɗangana."

Ya miƙe zumbur, har jitar da ke jingine ta kife.

"Rakiya..."

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Ni na yafe nawa ko ban yafe ba, wannan tsakanina da Allah ne. Amma yarinyar ga ba ta yi maka komai ba. Kunya kake ji? Ni na sha tawa, a kasuwa, a gidan biki, ko'ina. Kai ma gobe za ka sha taka. Bayan azahar, ƙofar gidana."

"Mota..."

Dogo ya katse shi. "Mota ba tafiya. Sai ka gama."

Inna ta juya. Muka bi bayanta zuwa gida. Sai da muka kai zaure ta tsaya, ba ta dube ni ba ta ce, "Kin ci abinci yau?"

Nan na fashe da kuka, na faɗa jikinta. Warin hayaƙi da kifi... ban taɓa jin ƙamshin da ya kai shi ba.

Washegari ya zo. Arzika ya ara masa babbar riga da hula. Ta kafar katangar zana nake leƙe, na ga yadda ya ratso layinmu kansa a ƙasa, mata na leƙowa, tsofaffi na nuna shi da baki. Ya zauna a kan tabarma gaban Alhaji da liman. Da Alhaji ya ji baƙon ba zai kwana ba, sai ya ce a ɗaura kawai a huta, biki ya biyo baya.

Da aka tambaye shi, muryarsa ba ta fita ba sai da ya maimaita.

"Na ba da... Na ba Arzika ɗiyata Hafsatu."

Aka shafa fatiha. Guɗa ta tashi a cikin gida. Bai shigo ba, Inna ma ba ta fita ba.

Can da la'asar ta kira ni ɗaki ta miƙo min ƙunshi a cikin takardar siminti.

"Ku kai mishi tasha. Kada ki ce ni na ba da."

Mun same su ana ɗaure ganguna a saman mota. Na miƙa masa ta taga. Ya buɗe gefe, ya ga bandar, ya kai hanci. Bai tambayi daga ina ba. Ya rungume ƙunshin a ƙirji, kafaɗunsa na rawa.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Arzika, ka riƙe ta... kada ka yi irin nawa."

Motar ta tashi. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ina da tsohon ciki saƙon ya iso ta bakin wani direban Anaca: tarin nan ya kwantar da shi, ya rasu a asibiti, abokan kiɗansa sun nemo Hausawan garin sun yi masa sutura. Arzika ya kai ni gida don in faɗa wa Inna da kaina.

Ta saurara har na gama. Ta yi salati a hankali. Sai ta cire 'yan kunnenta da warwaron hannunta ta ajiye a kan tabarma.

"Inna, mi kike yi?"

"Takaba zan shiga."

"Takaba? Amma ai..."

"Bai taɓa sakina ba, Hafsatu." Hawaye suka zubo mata, ta bar su suna zuba. "Ni ma ban taɓa nema ba."